Jif ɗin da Ta Ƙara Wuta da Kanta Tsakanin Alkaleri da Dindima

Hatsarin bai kai wanda za a ji a rediyo ba. Ba a rasa rai ba, mota ɗaya ce ta lalace, kuma kafin hantsi an janye ta zuwa Bauchi. Dalilin zama a duba shi a tsanake shi ne, motar tana ɗauke da kusan duk na'urorin kariya da ake tallata motocin zamani da su, direbanta dattijo ne da ya san hanyar sarai, amma duk da haka ta tunkari tirela a tsaye tana ƙara gudu. Bayanan da ke nan sun fito daga bakin mutum uku na cikin motar da kuma mai gyaran wutar mota, wato rewaya, da ya buɗe ta daga baya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da kamfanin da ya ƙera ta.

Motar da mutanen cikinta

Mai motar ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi da ke Gombe, mu kira shi Alhaji. Motar jif ce ƙirar Japan ta 2019, wadda aka yi domin kasuwar Amurka, ta shigo ta Legas a matsayin tokumbo. Dilan da ya sayar masa ya rantse cewa fas bodi ce, ko ƙwarzane babu.

A bayan tambarin da ke hancinta akwai na'urar rada, a saman gilashin gaba kuma, bayan madubi, akwai kyamara. Waɗannan biyun su ne idanunta. Da su take yin abu uku. Tana riƙe gudun da aka sa mata, ta rage idan ta cim ma wata motar, ta ƙara idan hanya ta buɗe. Direbobi na kiran wannan kuruz. Tana ɗan murza sitiyari don ta zauna tsakanin farin layin titi. Sannan tana iya taka burki da kanta idan ta ga za a yi karo. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta kasa irin wannan fasaha mataki shida a 2014, daga 0 zuwa 5. Motar Alhaji tana mataki na 2, inda mota ke taimakawa da gudu da sitiyari a lokaci guda, amma tuƙi da alhakinsa suna wuyan direba a kowane sakan. Sai a mataki na 3 ake yarje wa mutum ya ɗauke idonsa daga titi na ɗan lokaci. Honda ce ta fara sayar da irin wannan a Japan a 2021, Jamus kuma ta ba Mercedes izini a ƙarshen shekarar, shi ma a cunkoson babbar hanya kawai, a gudun da bai wuce kilomita 60 ba. Tokumbon da ake kawo mana, komai tsadarta, ba ta cikin wannan sahu.

Direban ya haura shekara hamsin. Ya shafe fiye da ashirin yana jan bas tsakanin Gombe, Bauchi da Jos kafin ya koma gidan Alhaji. Duk karatun da ya samu kan sabuwar motar daga ɗan Alhaji ne, ɗalibin jami'a, wata rana a kan hanyar Kumo.

"Baba, danna nan, sai ka ɗage ƙafarka. Ita za ta bi ta gaba da kanta. In ta gaban ta tsaya, ita ma tsayawa za ta yi."

"Alhaji ƙarami, ka tabbata?"

"Wallahi Baba, gwada ka gani."

Ya gwada, ya gani. Yaron bai yi ƙarya ba, rabin maganar ya sani. Ɗaya rabin yana cikin littafin motar, shafi ɗaruruwa da Turanci, wanda ko a akwatin dashbod ba a same shi ba. Direban yana fama da ciwon gwiwa, don haka abin ya yi masa daɗi. Na'urar riƙe layi dai tun makon farko ya sa aka kashe ta, domin duk sanda ya kauce wa rami sai ya ji sitiyari na ja masa baya, a inda fenti ya goge kuma sai ta yi ta ƙara babu dalili. Kuruz kuwa ta yi masa aiki lafiya lau na tsawon watanni. A ganina wannan shi ne tushen abin da ya biyo baya: na'urar da ke yin kuskure kullum ba ta da haɗari sosai, domin ba wanda zai yarda da ita. Wadda ke yin daidai sau ɗari ita ce ke sa ƙafa ta saba da zama nesa da burki.

Daren da abin ya faru

Cikin hunturu ne, hazo ya sauka. Sun taso daga Gombe da la'asar sakaliya, suka yi magariba a Alkaleri, suka miƙa. Direba da yaron suna gaba, duka da bel, domin motar ba ta daina kuka sai an ɗaura. Alhaji yana baya ta dama da babbar riga, babu bel, yana waya.

Agogon gudun motar da mil yake ƙirga, kamar sauran motocin Amurka. Direban ya sa kuruz a kan 70, wato kusan kilomita 113 a awa. Sai suka cim ma wata motar haya da ba ta kai wannan gudun ba, jif ɗin ta rage ta bi sahunta. Haka suka yi ta tafiya, ƙafar direban a shimfiɗe a ƙasa.

Kafin a kai Dindima motar hayar ta fizge hagu ba tare da sigina ba. Abin da ta kauce wa tirela ce da ta lalace, rabin jikinta a kan kwalta, babu fitila, babu jan alwatika, sai ganye da aka zuba 'yan taku kaɗan a bayanta. A lissafin kwamfutar jif ɗin, motar da take bi ta bar layi, hanya ta buɗe, saura ta koma 70 ɗinta. Injin ya ɗauki ƙara. Direban ya ce ya hango wani baƙin abu a cikin ƙura, kuma abin da ya fara zuwa ransa shi ne, yanzu za ta tsaya. Bai san tsawon lokacin da ya yi yana jiranta ba. Da ya farga ya danne burki iya ƙarfinsa, ya ji fedar tana karkarwa a ƙarƙashin tafinsa, ya murza hagu. Gefen dama na gaba ya daki kusurwar tirelar, motar ta yi kamar za ta juya, ta daidaita, ta tsallake titi ta tsaya a ɗaya gefen. Allah ya taimaka babu mai tahowa.

Direba da yaron sun fito da ƙafarsu, sai shatin bel a ƙirji. Alhaji ya bugi bayan kujerar gaba, ya karye a tsintsiyar hannu, goshinsa ya tsage. Jakar iska ko ɗaya ba ta buɗe ba.

A asibiti, bayan an ɗaure hannun, aka fara maganar da ta ɗauki makonni.

"Ranka ya daɗe, wallahi tallahi ƙafata ba ta kan totur. Motar ce ta ƙara wuta da kanta."

"Malam, ita ke tuƙa ka ko kai ke tuƙa ta? Shekara nawa kana bin hanyar nan?"

Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Me ya sa ba ta ga tirela ba

Mutum zai ɗauka abin da ya kai girman tirela shi ne mafi sauƙin gani. A wajen rada ba haka ba ne. Rada tana cilla igiyar rediyo gaba, ta saurari wadda ta dawo, daga nan ta gane nisan abu da gudunsa. Mota mai tafiya tana fita daban cikin sauƙi. Abin da ke tsaye kuwa yana cakuɗe da dubun abubuwan da su ma a tsaye suke: allon gefen hanya, ƙarfen gada, sandar lantarki, motar da aka faka a kwana. Da za ta riƙa taka burki saboda kowannensu, da na bayanta sun yi ta afka mata. Saboda haka masu ƙera irin wannan kuruz suka tsara ta yadda a babban gudu take mai da hankali kan abin da ke motsi, ta yi watsi da mafi yawan abin da ke tsaye. Littattafan motocin suna faɗin wannan ƙarara, har sukan kawo misalin nan takamaimai: motar da kake bi ta canja layi, sai ga wata a tsaye a gabanka.

Abin ya faru a inda titi ke da fenti da fitilu ma. A watan Janairun 2018, a Culver City da ke jihar Kalifoniya, wata Tesla tana bin wata mota da na'urarta ta Autopilot a kunne. Ta gaban ta sauya layi, Teslar ta ƙara gudu don komawa inda aka saita ta, ta daki motar kashe gobara da ke tsaye. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora laifin kan rashin kulawar direban da dogaronsa ga na'urar, da kuma tsarin da ya bar shi ya saki jiki. A 2021 hukumomin can suka buɗe bincike kan jerin irin wannan karo da motocin agaji, a Disambar 2023 kuma kamfanin ya yi wa motoci kusan miliyan biyu gyaran manhaja. Idan motar kashe gobara mai walƙiya ta ɓace wa na'ura da safe a Kalifoniya, tirela mai ƙura da ganye a bayanta cikin hazon Alkaleri ba abin tambaya ba ce.

Saura burkin gaggawa, wanda shi ne ya kamata ya zama kariya ta ƙarshe. Yana da amfani na gaske. Cibiyar IIHS ta kamfanonin inshorar Amurka ta gano yana rage karon da ake yi wa mota ta baya da kusan rabi. Sai dai shekaru da dama cibiyar tana gwada shi ne a gudun kilomita 20 da 40 kacal, gudun cikin gari. Sai a 2024 ta ɗaga gwajin zuwa kusan 70, ta ƙara da babur da bayan tirela, kuma motoci da yawa ba su yi abin kirki ba. A binciken da ta yi kan masu tafiya a ƙasa, ta ga na'urar na taimakawa da rana ko inda akwai fitilun titi, a duhu kuwa babu wani bambanci. Motar 2019 mai gudun da ya doshi 100, da dare, ana neman ta yi abin da ba a taɓa yi mata alkawarinsa ba. Yaron ya ce ya ji ƙarar gargaɗi, amma daidai lokacin da Baba ya riga ya taka burki.

Lissafin tazarar ba shi da wuya. A gudun kilomita 100 mota na cinye kusan mita 28 a kowane sakan. Direban da ke a faɗake yana buƙatar kamar sakan ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai burki, mita 42 ke nan, sannan burkin kansa ya ci kusan mita 50 a busasshiyar kwalta. Ƙaramar fitila ba ta haska wannan nisa ko da babu hazo. Ƙara sakan ɗaya na jiran na'ura, ga wasu mita 28 sun tafi. Dokar hanya ta ƙasa ta ba ƙananan motoci 80 a irin wannan titi mai hannu biyu, 100 kuma a babbar hanya mai raba tsakiya. A 80, duka tazarar tsayawa kusan mita 65 ce. Wanda ya danna 70 a motar mil ya wuce ƙa'ida da fiye da kilomita 30, kuma lambar da ke gabansa ba ta ba shi tsoro domin ido ya saba ganin 70 a matsayin tafiyar hankali.

Kwatancin da rewayan ya yi wa Alhaji shi ne ya fi zama masa: na'urar kamar yaron mota ce da aka ba sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, yana riƙewa da kyau, amma ran da abu ya ɓullo zai sakar maka ne ba tare da ya ce karɓi ba.

Abin da aka tarar da aka kwance gaban motar

A garejin Bauchi ne labarin ya ƙara wani reshe. Rewayan ya sa ta a kwamfuta, sannan ya buga lambar casis ɗinta a intanet. Hotunan filin gwanjo na Amurka suka fito: motar nan ce, hancinta a murƙushe, jakunkunan iska biyu a fashe suna reto. Kamfanin inshora ya biya mai ita, ya sayar da gawar, aka loda ta a jirgi, fanel bita ya tashe ta a nan gida. Aikin fenti ya yi kyau ƙwarai.

Da aka buɗe sitiyari, babu jaka a ciki. An liƙe murfin, an sa ɗan rezisto a wayar don kwamfuta ta ɗauka jakar na nan, fitilar gargaɗi kuma ta mutu. Haka ɓangaren fasinja. Rewayan bai yarda a zuzuta ba, ya ce wa Alhaji: "Alhaji, bugun gefe irin wannan ko da jakar na nan ba lallai ta buɗe ba. Amma da gaba-da-gaba kuka shiga, babu abin da zai tare yaronka." Nan ne Alhaji ya yi shiru na farko tun ranar hatsarin.

Ƙarfen da ke riƙe radar an miƙar da shi da guduma an yi masa walda. Gilashin gaba ba na asali ba ne, an canja, an mayar da kyamarar yadda ta samu. Ƙa'ida ita ce duk lokacin da aka taɓa bamba ko aka canja gilas, a sake saita idanun motar a shimfiɗaɗɗen daɓe, da allunan awo a nisan da kamfani ya faɗa. Karkatar digiri ɗaya tak tana zama kusan mita ɗaya da kashi uku cikin huɗu a nisan mita 100, faɗin layi guda kuwa mita uku da rabi ne. Digiri biyu ke nan sun isa su mai da kallon motar layin masu tahowa ko dajin gefen hanya. Idan karkatar ta yi yawa kwamfuta na kashe na'urar ta kunna gargaɗi. Ƙarama ce ke wucewa shiru. Ga kuma ƙurar hunturu da ta yi kauri a gilas daidai idon kyamarar, inda waifa ba ta gogewa sosai.

Shin da an saita ta daidai da ta tsaya? Rewayan ya ce ƙila da ta yi kuka da wuri, ƙila da ta rage wani abu daga gudun. Bai ce da ta tsaya ba, ni ma ban yarda da ta tsaya ba. Dilan ya yi ha'inci mai girma, kuma ha'incinsa zai iya kashe mutum a wani hatsarin, amma wannan hatsarin gudu ne, da duhu, da tirelar da aka bari babu alama, da ƙafar da ta yi jira.

Abin da ba wanda ya yi maganarsa a asibiti shi ne na'urorin da suka yi aikinsu. Karkarwar da direban ya ji a feda ABS ce, wadda Bosch da Mercedes suka fitar a 1978. Tana kama taya tana saki sau da yawa a sakan guda don kada ta kulle, shi ya sa sitiyari ya amsa masa yana cikin burki. Tsofaffin direbobin haya sun saba yin famfon burki da ƙafa, wasu kuma suna ɗage ƙafa idan suka ji karkarwar, suna zaton wani abu ya karye. Shi ya ce tsoro ne ya hana shi ɗagewa, kuma abin da ya kamata ke nan. Daidaituwar da motar ta yi bayan bugun aikin na'urar hana zamewa ce, wadda ta fito a 1995, Amurka ta wajabta ta daga motocin 2012. Tana taka burkin taya ɗaya-ɗaya don dawo da hancin mota inda sitiyari ke nuni. Sai bel mai maɗauri uku, wanda injiniyan Volvo Nils Bohlin ya ƙirƙiro a 1959, hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta shi a Najeriya a farkon 2003. Mutum biyu da suka ɗaura shi sun kwana a gida. Wanda ya karye shi ne wanda ke zaune a kujerar da kowa ke ɗauka ta fi aminci, kuma har yau ban ga babban mutum a ƙasar nan da ke ɗaura bel a baya bisa babbar riga ba, sai ɗai-ɗai.

Yadda aka ƙare

Alhaji ya so ya sallami direban. Ɗansa ne ya shiga tsakani, ya ce shi ya koya masa danna maɓallin kuma shi ya ce masa tana tsayawa da kanta. Aka bar shi a bakin aikinsa da sharaɗi biyu: babu kuruz bayan la'asar ko a cikin hazo, kuma rewayan ya juya agogon dashbod zuwa kilomita. Direban ya ƙara nasa, ya ce ko da rana ya kunna ta ƙafarsa na saman burki, wanda hakan ya mayar masa da ciwon gwiwarsa.

Gyaran jiki a Bauchi aka yi. Saitin rada da kyamara kuwa garejin ba shi da allunan awon, sai da aka ɗora motar a kan babbar mota zuwa Abuja. Jakunkunan iska su ne suka fi wahala, domin na kasuwar kayan gyara yawanci daga wasu motocin hatsari aka ciro su, ba mai iya rantsuwa a kansu. An yi odar sababbi, ba su iso ba tukuna, don haka motar ba ta fita wajen Gombe.

Dilan da aka nuna masa hotunan gwanjon ya ce shi ma a haka ya saya a Legas, bai taɓa buɗe sitiyari ba. Alhaji bai so zuwa kotu ba, ya kai maganar gaban dattawan masu sayar da motoci. Sun yanke cewa dilan ya ɗauki kuɗin jakunkunan iska gaba ɗaya tunda ya rantse da fas bodi. A kan kuɗin saitin rada da ɗaukar mota zuwa Abuja aka rabu: shi ya ce rabi zai biya, Alhaji ya ce duka, aka ɗage zaman sai kayan sun iso an ga rasit.